Farar Safar Sista Samata

Kai mai karanta wannan, ɗan gida ne kai ko baƙo, ka zauna da kyau, kuma kada in ji kana dariya. Na ɗinke takardun nan wuri ɗaya ne don yaran gidan nan su ga yadda taurin kan tsohuwa da rashin natsuwar yarinya suka kusa kai mu maƙabarta. Idan kana da ciwon da kake rufewa da zane, ajiye karatun, je ka nuna shi, sannan ka dawo. Ni ce Zeliya Mahama ta Savelugu. Yarinyar ita ce 'yata Tiyumba, mai koyon aikin jinya a Kumasi. Tsohuwar kuwa Sista Samata ce, yayar mahaifina, wadda aka ba ta ni tun daga yaye, ita ta raine ni. Ni ina kiranta Piriba, wato goggo a harshenmu, yarana suna kiranta Kaka.

*

Savelugu, watan Maris

Tiyumba,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, kina salla a kan lokaci, kina kuma cin abinci irin na mutane, ba dokunu, tuwon ƙullun masarar nan, da barkono kullum ba. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Mahaifinki yana gona wajen shirin doya. Zabi biyu sun mutu.

Hoton da kika aiko ya iso. Rigar makarantar ta yi gajarta. Na san doka ce, amma doka ba ta hana a warware kalmasa a sauke ta ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kakarki ta fara sa safa. Fararen nan na aiki, waɗanda ta ninke a akwati tun da ta yi ritaya. Da rana tsaka, a zafin da kaji ke buɗe baki, tana zaune a ƙofar ɗakinta da safa har gwiwa. Ta daina zuwa kasuwa. Ta daina alwala a tsakar gida, sai ta shige ɗaki da buta. Ta hana a share mata ɗaki. Na tambaye ta, ta ce, "Zeliya, ƙafarki ce ko tawa?"

Ba zan ƙara a kan haka ba. Akwai abin da 'ya ba ta rubutawa a kan wadda ta raine ta, balle a takardar da za ta bi hannun direba. Ke da kike karatun jinya ya kamata ki gane. Ki nemi izini ki zo gida.

Mahaifiyarki,
Zeliya

*

Kumasi, ƙarshen Maris

Mma,

Na durƙusa ina gaishe ki. Ina gaida Baba da ƙannena, ina yi wa zabi ta'aziyya. Lafiyata ƙalau, sai ciwon baya na tsayuwa a ɗakin marasa lafiya.

Wallahi Mma na yi dariya har abokiyar ɗakina ta zaci wani abu ya same ni. Tsohuwa ta yi kewar aiki! Ki leƙa ƙarƙashin gadonta, ƙila hular aikin ma ta fito. Ki ce mata in ji ni, in dai komawa aiki take so, ta jira in gama in zama shugabarta, ranar farko zan sa ta wanke kwanon fitsari. Ki bar ta da safarta, ba ta tsare wa kowa hanya ba.

Zuwa gida kam ba zai yiwu yanzu ba. Wannan zangon duk wadda ta bar ɗakin marasa lafiya ba da babban dalili ba, maimaita shekara za ta yi. Me zan ce wa shugabar makaranta? In ce kakata ta sa safa? Sai hutun Agusta in Allah ya kai mu.

Maganar riga, ba ni na yanka ba, kuma ana aunawa.

Don Allah a aiko mini da daddawa da man kaɗe. Miyar mutanen nan manja ne zalla.

'Yarki,
Tiyumba

*

Savelugu, watan Afrilu

Tiyumba,

Gaisuwa. Lafiyarmu ƙalau, ban da ran da kika ɓata mini. Daddawa da man kaɗe suna hannun direba, ba don kin cancanta ba.

Na rubuto miki magana, kin mayar mini da wasa. Tun da kin manta wadda kike yi wa dariya, bari in tuna miki.

Matar nan marainiya ce a ƙauyenmu lokacin da Bature ya ce kowace unguwa ta ba da yaro a kai makaranta. Kowa ya ɓoye nasa a rumbu, aka miƙa ta saboda ba mai kuka a kanta. Da kwanon fitsarin da kike mata ba'a da shi ta fara aiki. Daga nan ta ci jarrabawa ta sa farar riga, ta yi shekara kusan arba'in ana sauya mata wurin aiki, yau Tolon, gobe Karaga, jibi Gushegu, ko'ina da kekenta. Ta yi wa jama'a lambar agana a gindin bishiya. Shekarar sanƙarau ta kwantar da mutane a rumfunan zana, ba ta ga gadonta ba sai da ruwa ya sauka. Ƙafafun da ta naɗe wa kurkunu a tsinke ba su ƙirguwa. Ni ce mai riƙe mata fitila da tafasa allura, don haka na san abin da nake faɗa. Sunanta ma ɓacewa ya yi, daga nan har Karaga Buɗe-in-gani ake ce mata, domin ba ta amsa gaisuwar mara lafiya sai ya kwance tsumman da ya ɗaure ciwonsa. Da idona na ga ta tsaya a kan dattijo mai furfura tana cewa, "Baba, ka ɓoye shi tun kaka, sai da ya fi ƙarfinka ka kawo mini? Buɗe in gani!"

Wannan matar ce yau ba wanda ya isa ya taɓa ta.

Na gwada. Na shiga da ruwan ɗumi na durƙusa a gabanta. Ta ce, "Ni na wanke miki kashi. Ke ba abin da za ki wanke mini. Fita."

Mahaifinki suruki ne, daga bakin ƙofa yake tsugunawa ya gaishe ta ya tashi. Ba a maganarsa.

Na je asibiti na roƙo Madam Rahinatu, babbar nas ɗinsu, ta zo har gida. Kakarki ta sa aka ba ta kujera, ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ke ba 'yar Alidu mai gyaran keke ba ce? Ta ƙafa kika nufo duniya, ni na juyo ki. Har yanzu kuna barin almakashi a ruwan sanyi ku ce kun tafasa?" Ta yi ta jera mata tambayoyi kamar ranar jarrabawa, ta sallame ta da ƙwan zabi. Matar ta fita tana share zufa. Duk asibitin nan babu wanda ba ita ta karɓi haihuwarsa ko ta koya masa aiki ba, kuma ta rantse ba za ta kwanta 'ya'yanta su tsaya a kanta ba.

Saboda haka ki daina yi mini lissafin zango. Ki tattaro kayanki ki zo ki zauna a ɗakinta. Nan ne wurinki yanzu.

Mahaifiyarki,
Zeliya

*

Kumasi, tsakiyar Afrilu

Mma,

Ina gaisuwa. Saƙo ya iso, na gode. Ba ni da lafiya sosai tun da na karanta takardarki, abinci ma ba ya shiga.

Na gane, Mma. An ba ta ke, yanzu ke kuma za ki ba ta ni. Tun ranar da na ce jinya zan karanta kika ce aiki ne mai cinye mutum, ya bar yaran gida da fitila a hannu. Kin so in yi koyarwa a kusa da ke. Amma ban zaci za ki jira sai na kai shekarar ƙarshe sannan ki kira ni in zauna gadin tsohuwa ba.

Ina son Kaka, kin sani. Amma ita da kanta ta maƙala mini agogonta na ƙirji ranar da zan taho, ta ce in na dawo ba takardar shaida kada in taka mata ɗaki. Kin tambaye ta kuwa kafin ki rubuto?

Abin da kike kwatantawa kumburin tsufa ne, shi take jin kunyar a gani. A rage mata gishiri, ta riƙa ɗora ƙafa a kan matashi. Wannan ba sai an cire ni daga makaranta ba.

Jibi za a kai mu ƙauye aikin gwaji, can bayan Ejura. Ban sani ba ko wasiƙa tana isa wurin.

'Yarki,
Tiyumba

*

Savelugu, ƙarshen Afrilu

Tiyumba,

Gaisuwa. Ba lafiya.

Kin tilasta mini rubuta abin da ban so rubutawa ba. Allah ya yafe mana mu biyu.

Ƙafar kakarki tana wari. Ga shi na rubuta. Ƙudaje suna bin ta har kan tabarmar salla. Turaren wutar da take kunnawa ya daina rufe shi, yara sun daina shiga ɗakin karɓar alewa. Kin san tana da ciwon sukari. Na tsinci silifas ɗinta a bayan ɗaki, garwashi ya huda shi ya fita, ke nan ta taka wuta ba ta ji ba. Tun lokacin ita take wanke ciwon da kanta, ta wanke bandeji ta shanya a cikin ɗaki. Da madubi take duba tafin ƙafar, ita da idonta ya daina ganin kafar allura. Madam Rahinatu ta ce mini ba sai ta gani ba, hancinta ya gaya mata. Ta ce in ya haura idon sawu, ƙafar ce za ta tafi, in aka ƙara jinkiri kuma mai ƙafar.

Wa ya ce a cire ki daga makaranta? Shekara ake yi ana duba ƙafa? Ni da na sayar da atamfofina na kai ki Kumasi, ni ce zan dawo da ke hannu banza? Kin zauna kin saƙa labari a ranki kin ɗora mini, kin kuma rubuto mini gishiri da matashi kamar ni ce ɗalibarki.

Ga dalilin da ya sa ke nake kira. Ke jika ce. Abin da in na faɗa mata zai zama rashin kunya har garin nan ya zage ni, ke in kin faɗa wasa ne. Bakin nan naki da na yi shekaru ina fama in ɗinke, yau shi nake nema. Ki kai wa shugabar makarantarku wannan takardar ta karanta, tun da abin ya kai mu ga haka.

Mahaifiyarki

*

Savelugu, watan Mayu

Tiyumba,

Ruwan farko ya sauka, amsarki ba ta sauka ba. Kullum ina aikawa tasha, direba yana girgiza kai.

Zazzaɓi ya shigo. Jiya ta kira ni da sunan mahaifiyata da ta rasu tun ina goye. Da ta dawo hayyacinta abin da ta fara yi shi ne laluba safar ta ji ko tana nan.

In fushi kike yi, ki yi shi a cikin mota.

Z.

*

Kumasi

Mma,

Yau muka dawo daga ƙauye na tarar da takardunki biyu a ajiye. Mma, don me ba ki faɗa mini tun farko ba? Na kai wa shugaba, ta ce in tafi. Kada ki gaya wa Kaka ina zuwa. Ki tafasa ruwa da yawa, ki sa Baba ya yi magana da mai mota zuwa Tamale. Ina bayan wannan takardar, ƙila ma in riga ta.

Tiyumba

*

Savelugu, watan Yuli

Tiyumba,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kin koma lafiya. An ce za ki rama kwanakin da kika rasa a hutun Agusta, to ki rama su ba tare da ƙorafi ba. Mu nan lafiya. Masara ta fara bunni, zabuwa ta ƙyanƙyashe.

Akwai maganar da ban yi miki ba kina nan saboda gida cike yake da 'yan dubiya. Ranar da kika shiga ɗakin kakarki ina bayan ƙofa. Na ji komai, kuma zan maimaita miki shi a rubuce don ki ji yadda yake a kunnen mai tarbiyya.

Kin shiga ko durƙuso babu, kika ce, "Tsohuwa, an ce kin kusa, shi ne na zo auna rigarki."

Ta ce, "Wace riga, 'yar banza? Wa ya sako ki daga makaranta?"

Kika ce, "Farar mana. Ai ni ce babbar jika, ni zan sa kayanki ranar makokinki in kwaikwaye ki a gaban makaɗa. Na gama shiri tun a mota. Zan sa hula da agogo da safa. In fito ina ɗingishi, ina jan zane ina rufe ƙafa ɗaya, ina daka wa jama'a tsawa, Buɗe in gani! Buɗe in gani! Ƙannena suna bina da mafici suna korar ƙuda. Madam Rahinatu da 'yan asibiti a sahun gaba. Mutanen Karaga ma na san mota za su cika."



Ta ce, "Ba za ki yi ba."

Kika ce, "Wa zai hana ni? Ke kina ƙasa. Mma kuwa ba ta da ta cewa, ranar ta jikoki ce."

Ta ce, "Shekara arba'in na yi ina aiki a ƙasar nan."

Kika ce, "Ai ba su za a tuna ba, tsohuwa. Abin da jika ta nuna a fili shi ake tafiya da shi gida."

Can sai na ji muryarta ta dā, wadda na sani tun ina riƙe fitila. Ta ce, "Kin wanke hannu?"

Kika ce kin wanke.

Ta ce, "Ƙarya kike, ban ji ƙarar ruwa ba. Je ki wanke har gwiwar hannu. Ki jawo ƙofar nan, uwarki tana laɓe, ina ganin inuwar ƙafarta."

To. Wannan ba maganar da ake yi wa babba ba ce, ko da al'ada ta ba ki baki. Akwai iyaka, kuma kin tsallake ta da nisa. Ban ce ki nemi gafara ba, tun da ƙafar tana nan. Amma kada in ji kin gwada irinsa a kan wani.

A asibitin Tamale da muka kai ta kin ce mini da na rubuta a fili tun watan Maris, da yatsu biyun da likita ya cire suna nan. Ni kuma na ce da kin karanta da hankali, da suna nan. Ba zan zauna ina gardama da 'yar da na haifa ba. Yatsun dai sun tafi, kuma duk lokacin da na zuba mata ruwan alwala ina ganin gurbinsu.

Yanzu Madam Rahinatu ce take zuwa wankin ciwon. Kakarki tana miƙa mata ƙafar tana kallon rufin ɗaki, tana gyara mata aiki tun daga sallama har fita. Naman ya fara cikowa. Ta fara takawa da sanda zuwa ƙofar gida. Ta ce in gaya miki ɗaurin bandejinki sakwa-sakwa ne, in haka za ki yi a jarrabawa gara ki dawo ki sayar da tubani. Ta kuma kulle farar rigar a akwati ta rataya makullin a wuya. Ta ce sai dai ki yi makokin da zanen uwarki.

Ga abin da na yanke, kuma an riga an fara. Kowace Juma'a da safe, kafin a sha koko, ana shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Kowa ya fito ya zauna, ya cire takalmi, ya miƙe ƙafa. Duk abin da aka ɗaure a jiki a kwance shi, duk abin da ke ciwo a faɗi sunansa da baki, ba da habaici ba. Kakarki ce ta farko, autanmu yake cire mata bandejin sama tana zaginsa, sannan ita ta bi sauran da sandarta ɗaya bayan ɗaya. Mahaifinki ya ce shi ba zai miƙe ƙafa a gaban surukarsa ba. Na ce ya zauna a ƙarshen tabarma ya juya mata baya, amma zama dole. Ni ma ina zama. Makon jiya ta gano kaushi ya tsage mini a dunduniya, ta yi mini faɗa a gaban 'ya'yana, na haɗiye.

Safa kuma na tattara duk na gidan na kulle. Mai son sawa ya zo ya nuna mini ƙafar tukuna.

Dokar ta hau kan kowa, har baƙon da Juma'a ta riska a gidan nan, har ke ranar da kika dawo da takardar shaidarki. Wanda bai miƙe ƙafa a tabarmar nan ba, ba zai miƙa hannu a tuwona ba.

Mahaifiyarki,
Zeliya